Gida Bai Gusa Ba, Takarda Ta Sauya: Sunayen Wurare a Tarihin Zuri'ar Kurfai

Duk wanda ya ɗauki alƙalami da niyyar rubuta tarihin zuri'arsa, tambayoyi uku ne ke fara tare masa hanya: wane ne, yaushe ne, kuma a ina ne. Ta farko tana da dama-dama, domin tsofaffi na riƙe da sunayen kakanni, maroƙa kuma ba su barin a manta da su. Ta biyu akan warware ta da shekarun yunwa, ko na fara, ko na sarautar wane. Ta ukun ce ake ɗauka ba ta da wuya, tunda gari ba ya tashi ya bar mazauninsa, alhali kuwa ita ce ta fi saurin ɓatar da mai bincike. Dalili shi ne, ko da gari bai gusa ba, hukumar da ke rubuta sunansa tana sauyawa, iyakar da aka sanya shi ciki tana matsawa, kalmomin da ake kiran yankunan mulki da su ma suna sake ma'ana. A ƙasar Kurfai, cikin shekaru ɗari da ƴan kai, an yi irin wannan sauyi sau da dama, har ta kai kaka da jika da aka haifa a ɗaki ɗaya suna riƙe da takardun da za a rantse ba na ƙasa ɗaya ba ne.

Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan sauye-sauye, ta nuna inda suke ruɗar mai neman asalinsa, sa'an nan ta kawo shawara kan yadda ya dace a riƙa rubuta sunan wuri a cikin tarihin iyali.

Kurfai kafin a ja layi

Kurfai tana shimfiɗe ne a arewacin kwarin Dallol Bosso, arewa maso gabas da Yamai, Filinge kuma tana da nisan kimanin kilomita 180 daga babban birnin. Daga yamma tana maƙwabtaka da Zarmaganda, daga kudu da Imanan da Tondikandiya, daga gabas da Arewa da Adar, daga arewa kuma da makiyayar Azawak. Labarin baka ya danganta asalin Kurfayawa da Adar, kuma zaman da suka yi tsakanin Zabarmawa da Buzaye da Fulani ya bar alama a harshensu da al'adunsu. Hatta kalmar dallol ta Fulatanci ce, ma'anarta kwari.

Kafin zuwan Nasara, Kurfai ba ta da iyaka irin wadda ake ja da alƙalami a kan taswira. Ana sanin mutum da garinsu, da rijiyar da gidansu ke sha, da gonakin da kakanninsa suka sare, da kuma garuruwan da suke haɗa kai da su idan yaƙi ya taso. Shikal da Luma da Icigin da Tunfalis kowanne na da manyansa, ba su kuma ƙarƙashin wani sarki guda da ke yanke wa kowa hukunci. Saboda haka idan tsoho ya ce kakansa mutumin Kurfai ne, yana nufin wata ƙasa ce ta dangantaka da harshe da auratayya, wadda gefenta ke faɗaɗa ko tsukewa gwargwadon ƙarfin mutanenta da yawan ruwan sama.

A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka kafa bariki a Filinge, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya a kan dukkan Kurfai a matsayin sarkin kanto. Daga nan ne sunan Kurfai ya samu ma'ana ta biyu: kanto mai iyaka, mai jerin garuruwa, mai rajistar haraji. Tun daga wannan lokaci kuma sunan Filinge ya fara rinjayar sauran sunaye, domin nan ne kumandan yake, nan ake kai kuɗin haraji, nan ake ɗaukar soja, nan ake yanke shari'a.

Suna bisa suna

Yana da kyau mai karatu ya riƙe jerin sauye-sauyen a zuciyarsa, domin su ne mabuɗin karanta kowace tsohuwar takarda.

A 1900 Faransa ta kafa yankin soja na uku, wanda daga baya ya zama yankin soja na Nijar. Sai a 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka a cikin tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda hedikwatarta ke Dakar. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka mayar da shi Yamai. A tsawon shekaru masu yawa na wannan zamani Filinge ƙaramin yanki ce, abin da Faransanci ke kira subdivision, a ƙarƙashin cercle na Yamai. Kafin samun mulkin kai an ɗaga ta, ta yadda a 1960 tana cikin cercle 16 da ƙasar ke da su.

Sabuwar jamhuriya ba ta daɗe da wannan tsari ba. A 1961 aka maye gurbinsa da wasu yankuna masu suna circonscription. Dokar 17 ga Yuli 1964 kuma ta raba ƙasar gida bakwai, kowanne ana kiransa département: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram, a ƙarƙashinsu akwai arrondissement 32. Filinge ta zama arrondissement a cikin département na Yamai, tana tattare da kanto huɗu: Kurfai, Imanan, Tondikandiya da Tagazar. Abala da Balleyara kuma suka zamo ƙananan ofisoshin mulki, wato poste administratif, a ƙarƙashinta. A ƙarshen shekarun 1980 aka ware birnin Yamai ya tsaya da kansa, sauran yankin ya koma amsa sunan Tilaberi.

Dokokin 1998 da na 2002 na kai mulki kusa da jama'a sun sake juya kalmomin. Abin da a da ake kira département ya zama région, wato jiha. Abin da ake kira arrondissement ya zama département, wato gunduma. Dokar 11 ga Yuni 2002 ta ƙirƙiro ƙananan hukumomi 265, aka kuma yi zaɓen kansilolinsu na farko a watan Yuli 2004. A nan ne aka raba ƙasar kanton Kurfai tsakanin ƙananan hukumomi huɗu: Filinge, Abala, Sanam, da wadda aka raɗa wa suna Kourfeye Centre, mai mazauni a Shikal. Sai kuma dokar 8 ga Agusta 2011 ta ɗaga tsofaffin poste administratif suka zama gundumomi, adadin gundumomin ƙasar ya tashi daga 36 zuwa 63. Abala ta fita daga gundumar Filinge ta tafi da Sanam, Balleyara ta fita ta tafi da Tagazar. Abin da ya rage wa Filinge shi ne ƙaramar hukumar Filinge, da Kourfeye Centre, da Imanan, da Tondikandiya.

Gida ɗaya, takardu huɗu

A ƙaddara wani gida a arewacin Kurfai, cikin yankin da yau ke ƙarƙashin Sanam, wanda mutanensa ba su taɓa ƙaura ba. Kakan da aka haifa a 1935, idan an rubuta shi a rajistar haraji ko ta ɗaukar soja, za a ga: ƙasar mallaka ta Nijar, cercle na Yamai, subdivision ta Filinge, kanton Kurfai. Ɗansa na 1970 takardarsa za ta ce: Jamhuriyar Nijar, département na Yamai, arrondissement na Filinge. Jikan da aka haifa a 1995 tasa za ta ce département na Tilaberi, arrondissement na Filinge. Tattaɓa kunnen da ya zo duniya a 2015 kuwa tasa za ta ce jihar Tilaberi, gundumar Abala, ƙaramar hukumar Sanam, sunan Filinge ma ba zai fito a cikinta ba.

Wanda ya tarar da waɗannan takardu huɗu bayan shekara hamsin, bai kuma san tarihin mulkin ƙasar ba, zai iya tsara labarin ƙaura mai daɗin ji: wai zuri'ar ta taso daga Yamai, ta zauna Tilaberi, daga bisani ta gangara Abala. Ko taku ɗaya ba su yi ba. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ya ga sunan Filinge a takardun kaka da uba da jika sai ya ɗauka ba a motsa ba, alhali kakan ɗan Bonkuku ne a Imanan, uban ya tashi a Damana ta Tondikandiya, jikan kuma a Shikal aka yanke masa cibiya.

Wuraren da ƙafa ke zamewa

Wuri na farko shi ne kalmar département kanta. A takardar 1980 tana nufin babban yanki mai prefe, irin Yamai ko Dosso. A takardar 2010 tana nufin ƙaramin yanki irin Filinge ko Wallam. Kalma ɗaya ce, amma girman abin da take nufi ya bambanta ƙwarai. Mai fassara ta zuwa Hausa ba tare da duba shekarar takardar ba zai iya kiran jiha gunduma, ko gunduma jiha.

Wuri na biyu shi ne rubutun da ke cewa an haifi wane a Filinge. A takardun zamanin Nasara, da ma na shekarun farko na jamhuriya, sau da yawa wannan ba ya nufin cikin garin Filinge. Magatakarda yakan rubuta sunan barikin da aka kawo mutum gabansa, musamman idan sunan ƙauyen ya yi masa wuyar rubutu, kamar yadda yakan rubuta né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza, idan ba a san ranar ba. Misali biyu daga sanannun mutane sun isa. Adamu Mayaƙi, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a zamanin Diori Hamani, a Filinge aka haife shi a 1919, lokacin da Nijar ba ta ma zama cikakkiyar ƙasar mallaka ba, babban birni kuma yana Damagaram. Janar Seyni Kunce kuwa a Fandu aka haife shi a 1931, cikin kanton Tondikandiya, ƙasar Zabarmawa. Dukansu biyu ana iya cewa ƴan yankin Filinge ne, kuma ba a yi ƙarya ba, amma ɗaya daga gidan sarautar Kurfai ya fito, ɗayan daga na Tondikandiya. Wanda ya tsaya ga sunan Filinge kaɗai ya shafe wannan bambanci.

Wuri na uku shi ne sunan Kourfeye Centre. Sabon suna ne na 2002, kuma yanki ɗaya ne kawai daga cikin huɗu na tsohon kanton. Fadar sarkin kanton Kurfai ma ba a cikinta take ba, tana Filinge. Matashin da ya ji kakarsa ta ce su mutanen Kurfai ne, ya buɗe taswirar intanet ya ga Kourfeye Centre, ya rubuta ta a matsayin mahaifar kakar, ya tsuke ƙasar da ta fi haka faɗi, ya kuma liƙa wa mutumin 1920 sunan da bai taɓa ji ba.

Wuri na huɗu shi ne rubutun sunaye. Faransawa sun rubuta sunayenmu da ƙa'idar harshensu: ou a madadin u, ch a madadin sh, tch a madadin c, gu a gaban e ko i a madadin g. Haruffa masu lanƙwasa suka ɓace, Maraɗi ta zama Maradi, Ƙonni ta zama Konni, Dogon Dutsi ya dunƙule ya zama Dogondoutchi, Tawa ta zama Tahoua. A nan gida ana samun Chikal da Chical, ana samun Kourfey da Kourfeye da Kurfey. Bakin mutanen ƙasar ma yana da nasa furucin, domin Hausar yamma takan sa h a inda daidaitacciyar Hausa ke sa f, har a ji Hilinge. Ƙa'idar rubutun Hausa ta samu daidaito a taron Bamako na 1966, da taron Yamai na 1980, da kuma ƙudurin ma'aikatar ilimi na 1999, amma taswira da hatimin hukuma sun ci gaba da rubutun Faransanci. Tun da kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba abin mamaki ba ne nan gaba a ga sunayen garuruwa da rubutun Hausa a takardun hukuma, wanda hakan zai ƙara wani rubutu a kan waɗanda ake da su.

Akwai kuma maimaituwar suna. Tunga da Sabon Gari da Tudu da Gidan Wane sun cika ƙasar Hausa da ta Zabarma. Yawancin tunga daga wani babban gari ta ɓalle: manomi ya kafa bukka kusa da gonarsa don damina, ƴaƴansa suka zauna, aka haƙa rijiya, bayan shekaru ta samu mai gari nata. Mutumin da aka haifa a tunga kafin hukuma ta san da ita, sunan uwar garin za a rubuta masa. Ƙaninsa da aka haifa bayan an amince da ita, sunan tungar za a rubuta. Ƙidayar jama'a ta 1977, da ta 1988, da ta 2001, da ta 2012 kowacce ta zo da jerin garuruwanta, kuma kwatanta su yana nuna yadda tunga ke zama gari.

Waɗanda suka tafi Kurmi

Tarihin gidajen Kurfai bai tsaya a Kurfai ba. Haraji da aikin tilas da yunwa, musamman ta 1931 wadda fara ta haddasa a yammacin Nijar, sun tura samari da yawa zuwa Gwalkwas neman kuɗi. Ƙungiyar bori ta Babule, wadda aka fi sani da Hauka, a yankin Shikal ta ɓulla a 1925 ta hannun wata mata mai suna Shibo. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama mabiyanta aka tsare. Bayan ƴan shekaru sai ga ta a zangon Kumasi da na Accra tare da ƴan ci-rani, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1954. Hanyar da wannan bori ya bi ita ce hanyar da kakannin gidaje da yawa suka bi.

A can ma sunaye sun sauya. Gwalkwas ta zama Gana a 1957. Dokar korar baƙi ta 1969, a zamanin firaminista Busia, ta dawo da dubban ƴan Nijar gida, cikinsu har da yaran da aka haifa a zango, waɗanda daga baya aka yi wa takarda a nan aka rubuta musu garin ubansu a matsayin mahaifa. Hausawa kuma suna da nasu sunayen na biranen kudu: Accra ita ce Ankara a bakin tsofaffi, Legas ita ce Ikko. Jikan da ya ji an ce kakansa ya yi shekara goma a Ankara, in ba a yi masa bayani ba, zai iya kai shi Turkiyya.

Waɗanda danginsu suka zauna Najeriya su ma suna da irin wannan aiki a gabansu. Katsina ta kasance cikin jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, sunan jihar ya koma Kaduna a 1976, sai a 1987 ta samu jiharta. Birnin Kabi ya fita daga jihar Sakkwato a 1991, Gusau ta fita a 1996, Haɗeja da Dutse kuma suka fita daga Kano a 1991. Iyakar ƙasashen biyu kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba sai bayan yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa alamomi na 1906 zuwa 1908. Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba: mutumin Strasbourg da aka haifa a 1890 a daular Jamus aka haife shi, ɗansa na 1925 kuwa a Faransa, kuma masu binciken zuri'a a can sun daɗe da amincewa cewa kowace haihuwa ana rubuta ta da sunan hukumar da ke mulki a ranar da aka yi ta.

Abin da ake iya rasawa

Wani zai ce wannan duk ƙwaƙƙwafin masana ne. Amma duk malamin sakandare da ya taɓa haɗa takardun ɗalibai don jarrabawar BEPC ya san yadda bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da rajistar makaranta ke iya tsayar da yaro. Mai neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa ana tambayarsa takardar mahaifinsa, kuma idan wurin haihuwar da ke cikin ɗaya bai dace da na ɗayar ba, sai an yi ta kai da kawowa. Iyalan tsofaffin sojojin Faransa da ke bin haƙƙin mahaifinsu sukan tarar da sunan ƙauyen da ke littafin sojansa ba ya cikin kowace taswira ta yau. A rikicin gona kuma, tun da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, shaidar cewa kakan wane ne ya fara sare wuri kaza tana da nauyi a gaban kwamitin filaye, kuma wannan shaida ba ta tsayawa sai an san wane wuri ake nufi da sunan da tsofaffi suka ambata.

Bayan wannan akwai neman takardun kansu. Takarda tana bin hukumar da ta rubuta ta. Rahotannin kumandan da rajistar garuruwa na zamanin mallaka ana neman su a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, ƙarƙashin sunan cercle ko subdivision na lokacin. Waɗanda suka shafi tarayya suna Dakar, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Wanda ya je yana neman Kourfeye Centre a takardun 1940 ba zai samu komai ba, ba don babu ba, sai don ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba a gina ba tukuna. Haka wanda ke neman hukuncin kotu da ya maye gurbin takardar haihuwar wani ɗan Sanam na shekarun 1970, Filinge ya kamata ya fara dubawa kafin Abala.

Abin da ya fi duka tsanani shi ne halin da arewacin jihar Tilaberi ya shiga. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala, rashin tsaro kuma ya tayar da ƙauyuka da dama daga mazauninsu. Yaran da ake haifa a inda aka yi gudun hijira sunan wurin saukar za a rubuta musu. Idan ba a rubuta sunan garin da aka baro ba, da rijiyarsa da gonakinsa, tun tsofaffin da suka san su suna raye, ranar komawa za a rasa mai nuna iyaka.

Yadda ya dace a rubuta

Shawara ta farko ita ce a rubuta wuri kamar yadda yake a ranar da abin ya faru, sa'an nan a biyo da yadda yake a ranar da ake rubutun, tare da shekarar. Misali: an haife shi a Shikal, kanton Kurfai, subdivision ta Filinge, cercle na Yamai, wajen 1935; a shekarar da nake wannan rubutu garin na cikin ƙaramar hukumar Kourfeye Centre, gundumar Filinge, jihar Tilaberi. Sanya shekara a kan bayanin na biyu wajibi ne, domin abin da muke kira yau shi ma zai zama jiya, kuma babu tabbacin an gama yanka gundumomi.

Ta biyu, kada a gyara takarda. A kwafe sunan harafi da harafi yadda magatakarda ya rubuta shi, ko da ya karkace, domin da wannan karkataccen rubutun ne za a sake samun mutumin a wata rajistar. Kusa da shi sai a rubuta sunan da ƙa'idar Hausa, yadda mutanen garin ke furta shi. Idan garin na da wani suna a bakin Zabarmawa ko Buzaye ko Fulani, shi ma a sa shi. Idan akwai rubutun ajami na wani malamin gidan, a bangon littafi ko a gefen takarda, a ɗauki hotonsa a ajiye.

Ta uku, a gangara ƙasa da sunan gari. Unguwa, rijiya, tafki, dutse, maƙabarta, gonar gado da sunan da ake kiranta da shi: waɗannan ba sa bin dokar majalisa, kuma sukan fi sunan gunduma daɗewa. Wayar hannu ta yau tana iya ba da lambobin da ke nuna daidai inda wuri yake a doron ƙasa. A tsaya a bakin tsohuwar rijiya ko a kufan gida a ɗauke su a rubuta, inda hali ya ba da damar zuwa.

Ta huɗu, a rubuta wanda ya ba da labari, da shekarunsa, da ranar da ya faɗa, da kalmomin da ya yi amfani da su. Idan ya ce shekarar Kakalaba, a rubuta Kakalaba, sa'an nan a ƙara cewa yunwar 1913 zuwa 1914 ce. Idan ya ce Ƴar Buhari, a ƙara 1984 zuwa 1985. Idan ya ce daga gabas muka zo, a rubuta gabas, kada a mayar masa da ita Adar ko Gobir sai in shi ya faɗa. Wannan ita ce hanyar da cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, da cibiyar IRSH suka bi, kuma a kan irin wannan aiki ne Bube Gado ya gina littafinsa Le Zarmatarey na 1980, Kimba Idrissa kuma ya gina Guerres et sociétés na 1981, littattafai biyu da mai binciken yammacin Nijar ba zai rasa amfana da su ba.

Ta biyar, kada a manta da garuruwan mata. Sunan da muke ɗauka a makaranta na uba ne, jerin kakannin da ake haddacewa ma na maza ne, amma auratayya ce ta ɗinke Kurfai da Arewa da Adar da Zarmaganda. Kaka mace takan san garin uwarta da na kakarta, da hanyar da aka bi aka kawo ta amarya. Ita ce ya kamata a fara zama da ita, domin abin da ta sani ba ya cikin kowace rajista.

Ta ƙarshe ta shafi ladabi. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun raba mutane da garuruwansu ba da son ransu ba, kuma akwai gidajen da sunan garin asali ke tayar musu da abin da suka zaɓi su rufe. Mai bincike ya rubuta abin da aka ba shi amana, ya ajiye wa zuri'arsa, amma ba kowane abin da aka rubuta ake karantawa a bainar jama'a ba.

Aikin nan ba ya bukatar kuɗi mai yawa: littafin rubutu, da alƙalami, da haƙurin zama gaban tsoho. Malaman Hausa da na tarihi a makarantun Filinge da Shikal da Bonkuku da Damana za su iya ba ɗalibai shi a lokacin hutu, kowane yaro ya dawo da sunayen wuraren haihuwar iyayensa da kakanninsa huɗu, da rubutun takarda da kuma furucin baki. Ofisoshin magajin gari su ma za su taimaka ƙwarai idan suka ajiye jerin tsofaffin sunaye da sababbi na kowane gari da tunga a inda jama'a za su iya dubawa. Allah Ya ba tsofaffinmu tsawon rai mu samu abin rubutawa daga bakinsu, Ya kuma mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya.